Daƙiƙa Bakwai

Tun la'asar suka rufe titinmu a Deventer.
An kwashe kekuna, an jingine su bayan coci.
Wayoyin lantarki sun kwanta kan duwatsun hanya,
wani yaro mai rigar ruwa yana bin su da salatif.

Ni ina bene na biyu, gwiwa ta hana sauka.
Tjitske mai jinyata ta karkata mini kujera,
ido ɗaya ga taga, ɗaya ga talabijin,
ta ajiye shayi, ta ce bari ta je ta taɓa gicciyen.

A nan na gano wani abu:
titi yana riga akwatin da daƙiƙa bakwai.
Na ƙirga.
Tafi ya shigo ta taga, ya mutu,
sannan ya tashi a tsakar ɗakina.

Yesunsu mawaƙi ne mai wandon jins.
A gaban kantin magani ya raba wa mabiyansa
soyayyen kifi cikin takarda.
Bitrus ya yi musu sau uku,
wata 'yar jarida na cusa masa makirufo a baki.
Bilatus kuwa da kwat, yana ta duba agogo.

Maryamu ta hau dandamali cikin yayyafi,
ta ɗauko wata waƙa
da rediyo ya gaji da ita tun ina da gashi,
ta budurwar da aka bari a tashar jirgi.
Da ita muka taka, ni da Aukje, daren aurenmu.
Ko wasali ba a sauya ba,
amma yau uwa ce ke kiran ɗanta,
kuma waƙar ta zauna daram, kamar don haka aka yi ta.
Dattawan cocinmu sun ce saɓo ne.
Har da sa hannuna a takardar ƙorafin.

Sai ga Yahuza.

Baƙar riga ta fata, tafiyar nan ta kafaɗa ɗaya.
Jelmer ne, ɗana.
Shekara tara ban ji muryarsa ba,
tun da ya kwaikwayi sa hannuna ina kwance a asibiti
ya sayar da shagon gyaran kekena.
Ba azurfa talatin ba ce, ta fi haka,
bashi kuma ya lashe ta kafin in koyi tafiya.
An ce shi ya roƙi a ba shi wannan rawar.

Ya yi sumbar. 'Yan sanda suka tafi da mutuminsu.
Jama'a ta yi masa ihu, har da masu dariya.
Ya rage shi kaɗai a kan gada,
fitila ɗaya ta tokare shi,
yana rera waƙar mashayin da ya makara zuwa gida.
Ya ɗago kai.

Ta taga bai fi ɗan yatsa ba.
Na kau da fuska.
Ɗaya, biyu, uku,
shayin ya huce, huɗu,
biyar, shida,
sai fuskar ta cika akwatin, ba wurin gudu:
haɓar uwarsa, tabon da sarƙar keke ta bar masa,
ruwa a kumatu, na sama ko nasa, oho.

Duk ƙasar ta ɗauka sama yake kallo.
Ni kaɗai na san bene na nawa ne.

Gicciyen ya iso, fari fat, da wuta a cikinsa,
tsawon motar bas, bisa kafaɗu arba'in.
Haskensa ya share rufin ɗakina,
ya bi ta kan hoton Aukje, ya wuce.

Na miƙa sanda, na laluba,
na kunna fitilar bakin taga.
Na jira bakwai ɗina.
Ba ta fito a akwatin ba,
kyamara ta riga ta juya wajen mai tashi daga matattu,
can a kan hasumiya, cikin farin kaya.

Yanzu suna naɗe wayoyi.
Matakalar gidan nan talatin da biyu ce.
Akwai mai hawowa.
Tjitske ba ta tsayawa a tsakiya haka.