Shawara Biyu

Kwana ukku da haihuwa, bai ko samu suna ba,
nif fito da shi bakin ɗaki, hasken hantsi ya faɗa mai.
Farin idonai ruwan ɗorawa.
Nid danna goshinai da ɗan yatsa, niɗ ɗaga,
gurbin bai koma ja ba.

Inna Tumba tac ce, “Shawara ta, mi a abin kuka?
Duk ɗiyan gidanga da ita sunka zo.
A jiƙa saiwar rawaya, a shanya shi ga ranar safe.”
Ige tac ce ƙwai nic ci da ciki.
Ungozoma tac ce a ɗiga mai nono ga ido.
Wata ta leƙo ta katanga, tana tsame hannu daga kullu,
tac ce mai jego ba ta ƙetare dokin ƙofa.

Shawara ga idon yaro,
shawara ga bakin kowa.
Ban san wadda taf fi nauyi ba.

Sai ga Modi, ɗan maƙwabciyata Hajo,
shekara shida, yana jan gwangwani cikin rairayi.
Uwatai na kira, bai waiwaya ba.
Bai taɓa waiwayawa ba.
Shi ma haka anka shanya shi.

Da la'asar nawa ya ƙi nono.
Barci, barci, kamar wanda yay yini kaftu fadama.

Nic cire kafur ɗin da ke cikin tsummanai, ban san dalili ba,
warin dai ya ishe ni.
Nic ce ma Bawa, “Saida buhun albasa guda.”
Ya dube ni, ya dubi uwatai, ya ɗauko makullin babur.

Daga Kwargaba har Wurno ban ce uffan ba,
daga Wurno sunka ce Sakkwato.
Can anka tuɓe shi, anka rufe mai ido,
anka aza shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila
kamar ɗan tsako.
Malamar tac ce, “Wa yag gaya miki ki zo?”
Nic ce, “Yaron da ba ya magana.”

Ran suna muna gadon asibiti.
Can gida anka yanka rago, anka aiko muna da suna ta waya.
Inna Tumba ta biyo mota da fura cikin ƙwarya,
ta daɗe tsaye gaban fitilar,
kaɗa ta buɗe idon jikanta da babban yatsa.
Fari.

“To,” tac ce. “Sha furarki.”