Tana Ci, Ina Haɗiya

Dakta Ok ta ɗaga takardar gwajin jinina
kamar mai duba jabun kuɗi a hasken taga.
Ta ce, "Pyo Man-su, sukari ya kama haya a jikinka.
Kilo goma sha biyu nake bin ka kafin bazara."
Shekara talatin ina tuƙa bas a Daegu,
ban taɓa cin bashin da za a yanka daga tumbina ba.

Sai jibin dare ya koma haka:
dankali dafaffe guda, rabin kokwamba,
shayin sha'ir da bai san sukari ba.

Jikata ce ta nemo min ita a waya.
"Kaka, kalli Yeo-ul. In ta ci, kai ma ka ƙoshi."

Sha ɗaya na dare nake jingina wayar da kwalbar barkono.
Ga ta, siririya kamar sandunan da take ci da su,
gabanta taliya ƙunshi goma, ja wur, tana tururi,
kaguwa tuli guda, kaji sun sha mai suna ƙyalli.
Sai ta matso da bakinta kusa da makirufo.
Garas. Garas.
Ta zuƙi romo, ta lumshe ido,
ni kuma maƙogwarona ya yi sama ya dawo.

Makon farko dabara ta ci.
Tana ci, ina haɗiya, in kora da ruwa in kwanta.
Sikeli ya sassauta min kilo ɗaya da rabi,
har na yi masa murmushi a banɗaki.

A mako na uku cikina ya gane wayon.
Gani ba ci ba ne, shi ya fara faɗa min.
Ƙarfe ɗaya na tsinci kaina a kantin kwanar layi
da silifas, da rigar barci ƙarƙashin kwat,
ina tsiyaya ruwan zafi a kofin taliya na biyu.
Yaron kantin ya daina tambayata ko ina son leda.

Akwai abin da ban gaya wa likita ba.
Bok-rye, matata, da ƙarfi take taunar kimci,
shekara arba'in ina ce mata ta rufe baki.
Bana shekara uku da ta rufe.
Yanzu ni ke ƙara sautin waya
har maƙwabci ya buga bango.

Wata Talata, ana yayyafi,
ta shigo motata daf da kasuwar Seomun:
hula, takunkumi, ledar kemis a hannu.
Tawadar Allah da ke bayan hannunta ce ta tona ta.
Ta madubi na ga ta ɓare ƙwai guda,
ta ci farin,
ta naɗe gwaiduwar a takarda ta mayar aljihu.

A tashar ƙarshe barci ya kwashe ta.
Na taka in tashe ta, sai ga wayarta a cinya tana haske:
wani ƙato ne a ciki, hannu biyu,
yana yagar haƙarƙarin sa.

Na ce, "Yarinya, an iso."
Ta rusuna, ta ba ni haƙuri, ta sauka cikin ruwa.
Ban ce na san ta ba.

Daren nan na kifa wayar a kan tebur,
na bar sautin kawai.
Na ɓare dankalina a hankali, na sa gishiri kaɗan,
wani yana tauna a ɗakin, ni ma ina tauna.

Saura kilo tara.
Bazara kuwa har ta fara taɓa itatuwan bakin titi.