Mudun Dakta Sa'adatu

Takarda ɗari uku aka ɗora mini,
tambaya ashirin da biyu a kan kowace.
Dakta ta ce: Ummulkhairi, je ki auno mana
yawan kama-karya a zukatan masu zagin kama-karya.
Na hau adaidaita daga Kabuga,
takardun a cinyata kamar jaririn maƙwabta.

Ni 'yar mai awo ce.
Ubana ya tsufa a Dawanau, hannunsa cikin gero.
Shi ya ce mini mudu ba ya ƙarya
sai in an buge masa gindi.
To wa ya leƙa gindin wannan?
Ɗakuna biyar gare shi:
na yarda ƙwarai, na yarda, ina tsakiya,
ban yarda ba, ban yarda ba sam.
Mutum da girmansa, wai ya zaɓi ɗaya ya shige.

A gindin darbejiya, bayan ɗakin karatu,
na tarar da Kwamared Tasi'u
yana raba gurasa ɗaya wa mutum huɗu.
Ta bakwai: dukiyar da aka tara da gumin talaka,
a ƙwace ta ko alƙali bai ce ba?
Ya danna biro har ya huda takardar.
Ta tara: mai kare azzalumai, a hana shi magana a taro?
Ya ɗago kai: wannan ma tambaya ce?

Na san Tasi'u.
Shekarar da aka ƙara kuɗin makaranta
wayarsa ya sayar ya biya wa yaron ɗakinsu.
Na kuma san daren muhawarar zaɓe:
abokin takara na karɓar lasifika
ya zagaya baya ya kashe janareto.
Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya.
Wane ɗaki zai ɗauke su tare?

Nafi'u ya jera "ina tsakiya" daga sama har ƙasa,
bai karanta ba,
ya miƙo yana tambaya ko akwai katin waya.

Murjanatu, 'yar aji uku, ta daɗe.
Ba ta shiga ɗaki ko ɗaya ba,
a gefen takarda ta rubuta, ƙanana:
Uwata ta kwana uku a barandar asibiti
don ba mu da kuɗin gado.
Ki dawo ki tambaye ni ran da na huce.
Na'ura ba ta cin rubutun gefe.
Za ta kira shi gurbin da ba a cike ba.

Da dare a Ɗorayi, babu wuta,
na haska fitilar waya, na zaro guda da ta yi saura.
Na ce bari in gwada, wa zai gani?
Ta bakwai ta tuno mini damunar
da wani ya kulle rumbuna yana jiran tsada,
muna shan kunu ba gardi.
Na yarda ƙwarai.
Ta goma sha shida:
in mulki ya zo hannun masu gaskiya,
'yan adawa su yi shiru shekara biyar, a gyara ƙasa?
Hannuna ya riga ni zuwa.
Na goge. Na sake gogewa.
Sawun biron yana nan, kamar shaidar ƙuna.

Na haɗa lissafi sau biyu.
Maki uku ne tsakanina da Tasi'u,
ni da ban taɓa ɗaga kwali ba,
ni da nake sassauta murya in malami ya wuce.
Ashe wanda aka taka
yana kwana da awon takalmin a ransa,
yana jiran ranar da zai yi masa daidai.

Da safe Dakta ta ƙirga, ta tura tabarau sama:
cikakku sun haura lissafina da ɗaya.
Na ce: gyara ce, Dakta.
A gidanmu ba a miƙa awo babu gyara.