Daƙiƙa Huɗu

A Tallinn, ƙarshen Nuwamba,
rana kan leƙo kamar wadda ake bi bashi,
ta koma.

Virve Ojaste ta tsaya tsakiyar zauren gidan tarihi,
ta hura balan-balan, ta soka masa allura.
Fas!
Ƙarar ta bugi rufi, ta sauko,
ta zaga bayan tsohon kwalekwalen masunta,
sai da ta yi daƙiƙa huɗu kafin ta mutu.
Virve ta rubuta: ya yi yawa.
Malami na magana, yara na jin bakuna uku.

Ta dafa bangon dutse.
Shekara ɗari biyar yana numfashi,
in ka toshe masa hanci sai ya yi gumi ta ciki.
Hurhuren ɗumi kuwa ya busar da kwalekwalen
har haƙarƙarinsa ya tsage,
abin da teku bai yi masa ba.

Sai aka shafe bangon da farar ƙasa mai shan raɓa,
aka ɓoye ulu a bayan katako mai huda-huda,
tagogi gilashi uku-uku,
ɗumi na tasowa ta ƙarƙashin daɓe, a hankali.
Sabon sashe ya jingina da tsohon
ba tare da ya danne shi ba,
tazarar yatsa biyu a tsakani,
don dutse da ƙarfe ba tare suke jin sanyi ba.

Endel, mai gadi, ya cire kwat ɗinsa na biyu.
Shekara talatin ke nan bai ga hannun rigarsa a wurin aiki ba.

Ranar buɗewa ya riga kowa zuwa,
ya ce da zauren, barka da asuba,
kamar kullum tun rasuwar Leida.
Shiru.
Ya sake faɗa. Ulu ya shanye.

Virve na bakin ƙofa, na'urar awo a hannu,
allon ya nuna daƙiƙa ɗaya da ɗigo biyu,
daidai yadda ta zana.
Ta daɗe tana kallon lambar.

A ƙarƙashin matakala akwai lungu,
ba kowa ke bi ta nan ba.
Ranar Litinin ta sa aka ɓamɓare allo shida,
dutse ya fito tsirara.
A rahoto ta rubuta: don binciken danshi.

Yanzu can yake rataye hularsa.