Katin da Shayi Ya Taɓa

A rumfar Ilu mai faci, bakin titin Taura,
in an sallame La'asar, guduma ta huta,
mukan shimfiɗa buhun taki mu raba karta.
Ba caca ba ce. Wanda aka ci,
shi ke buga wa Ilu famfo gobe har hantsi.

Shekarar farko ni ne jakin famfon.
Tafina ya yi kanta, harshena ya yi kaifi:
"An haɗa min baki! Wa ya raba wannan?"
Sau biyu na watsa katin cikin ruwan gwajin tif.
Ilu ya tsince, ya shanya su bisa taya,
ya ce, "Nafi'u, mai kallon ƙafarsa kaɗai
ba ya ganin hadari sai ya jiƙe."

Sai na koyi lissafi:
taurari nawa suka faɗi, nawa suka saura,
wa ya tafi kasuwa da aka nemi da'ira.
Na koyi ajiye ɗauki-biyu kamar irin gero,
ba a dafa shi don yunwar farko.
Na hana gira ta tona abin da yatsu suka rufe.

Ran kasuwar Gujungu sai ga baƙo,
Ɗan'asabe, direban a-kori-kura daga Gumel,
ƙusa ta tsayar da shi. Ya ce a sa da shi.
To, kartarmu tsohuwa ce, mun san ta kamar hanyar gona:
sha huɗu ɓera ya ci mata kunne,
wot kuwa shayi ya bar mata tabo a baya.
Na hango tabon a hannunsa, na biyu daga hagu.
Na san abin da zai yi kafin shi ya sani.

Katin da zan jefa ya yi min nauyi.
Na kife nawa, na ce, "Malam, dakata.
Muna karanta bayan katinka, kai ba ka ganin namu."
Gambo ya zungure ni da gwiwa.
Baƙon ya dube ni, ya dubi tabon, ya bushe da dariya,
ya je mota ya ɗauko sabuwa, ko ledarta ba a ɓare ba.

Ya ci ni sau uku, ci na tsakani da Allah.
Na miƙa masa hannu, na ce, "Ta ina ka gano ni?"
Ya ce, "Kana shafa haɓa in tauraro ya ƙare maka."

Da safe na kama famfo.
Ban kai goma ba Ilu ya karɓe, ya ce, "Je ka karya."
Sabuwar kartar tana rumfa, baƙon ya bar mana.
Mai tabon tana cikin hulata,
haɓata kuwa, har yau ina fama da ita.