Mai Zaman Kujera na Ƙarshe

Ran Asabar a Valparaíso,
kafin jiragen ruwa su fara kuka a tasha,
kakana Evaristo yakan ɗora ruwa a wuta,
ya gwada ɗuminsa da gwiwar hannu
kamar mai shirin wankan jariri.

Shekara arba'in da ɗaya yana aski
a wani ɗan shago can gindin tudu.
Ya aske matuƙan jirgi, ya aske 'yan dako,
har da wani alƙali mai sanƙo
da ke biyan kuɗin cikakken kai.
Da hannu ya soma rawa, sai ya rufe ƙofa
tun kafin wani ya ce masa rufe.
Kujerar kaɗai ya ɗauko.
Ƙarti huɗu suka hau da ita matakala ɗari da sittin,
suna haki, suna tsine wa ƙarfe.

Yanzu mai zama a kanta ɗaya ne:
Pancracio, kare mai gashi kamar tsohuwar igiyar jirgi,
wanda ya biyo kakata Leonor daga kasuwar kifi
shekara guda kafin ta rasu,
ya kuma ƙi komawa.

Wanka tukuna, a baho, a baranda.
Ni ce mai riƙon ƙafa.
Ruwa ya koma kalar shayi,
ƙuma uku suka yi iyo zuwa lahira.
Sai gogan ya girgije,
da ni, da bango, da shanyar maƙwabciyarmu Eduvigis,
kowa ya sami rabonsa.

Sannan tawul, sannan kujera, sannan mataji.
"Daga bakin gashi ake farawa," in ji kakana,
"ƙulli ba a jan sa, lallashinsa ake yi."
Yana taza yana ba shi labarin ƙwallo,
da tsadar kifi, da wanda ya mutu a layinmu.
Pancracio bai taɓa musu ba.
Wutsiya ce ke cewa haka ne, haka ne.

Farce kaɗan ake ragewa, akwai rai a cikinsa.
Kunne, auduga ce da haƙuri.

Amma yau da aka zo gashin ido
almakashi ya tsaya a iska
yana ƙyas-ƙyas shi kaɗai, ba abin da ya kama.
Kakana ya dubi hannunsa
irin duban da ake wa amini in ya yi ƙarya.
Ƙasa da mu akwatin hawa tudu ya wuce yana kukan ƙarfe.
Ba wanda ya ce uffan.

Sai ya juyo da shi, ya miƙo mini ta wajen mariƙi.
"Karɓi, Millaray.
Yatsa biyu tsakanin tsini da ido.
Kada ki kalli almakashi, kalli kunnensa,
shi zai gaya miki in kin yi kusa."

Na yanka. Numfashin kare a wuyan hannuna,
ɗumi, da ɗan ƙarnin kifin jiya.
Na sake yankawa.
Hagu ta fi dama tsawo, ko makaho ya shafa zai sani.

Bai gyara ba.
Ya ɗauko ƙaramin madubin nan mai tsaga a gefe,
ya zagaya baya, ya nuna wa Pancracio ƙeyarsa:
"Ya yi, ranka ya daɗe?"
Mai gida ya lashi madubi.

Gashin da ya zuba ba ma kai shi shara.
Iskar teku muke ba, ita ta san masu so.
Ƙarƙashin kwanon rufin Eduvigis
akwai sheƙa mai launin karenmu,
da baki huɗu a buɗe.

Da yamma ina sauka matakala,
wani abu na bugun cinyata ta cikin aljihu.
Na waiga. Yana baranda, ya harɗe hannu a baya,
bai kira ni in mayar ba.