Kofaton da Na Gaisa da Shi

Ina ɗan sha bakwai, a gonar Dalgarno,
can ƙasar Buchan, inda iskar teku ke yankan kunne,
na tsinci gashin wutsiyar doki, sili ɗaya,
cikin ambulan a ƙarƙashin matashina.
Ba suna, ba rubutu.
Kowane yaron garma ya san wannan kiran.

Ishbel mai tatsar shanu ta ce kada in je:
"Wanda ya karɓi Kalmar, inuwarsa ba ta bin sa coci.
Da ita tsoho Murdo ke daskarar da ingarma,
da ita yake jan mata kamar raƙumi da akala."
Na dubi Murdo: haƙora uku, tari kamar tsohuwar ƙofa.
Na ce, in dai wannan mata ke bi,
lalle Kalmar ba wasa ba ce.

Kuɗin shiga: burodi, kyandir, kwalbar wiski.
Ladan wata guda ya nutse a kwalbar.

Tsakar daren Nuwamba aka rufe min ido da tsumman buhu,
aka juya ni sau uku a bakin rumbu.
Aka ƙwanƙwasa, wani ƙato ya yi haniniya daga ciki.
"Wa ke nan?" "Ɗan'uwa."
"Wa ya aiko shi?" "Iblis."
Gwiwa a ƙasa, ƙafar hagu ba takalmi,
na rantse ba zan rubuta ta ba,
ko a dutse, ko a dusar ƙanƙara,
ba zan faɗa wa mace ba, ko da ita ta haife ni.
Sai aka raɗa min ita.

'Yar mitsitsiya ce.
Na zaci za ta ƙona min kunne,
sai ta shige kamar "sannu".

"Rubuta mu ga ko ka riƙe," in ji wata murya.
Na miƙa hannu in karɓi alli,
sarƙar garma ta sauka a kan yatsuna.
Har yau, in sanyi ya shigo, su ke fara tuna min.

Aka ja ni lungu in gaisa da Maigida.
Warin kibiritu, ƙarar sarƙa,
hannu mai gashi, mai kofato, sanyi ƙalau.
Cikina ya ɗuri ruwa,
sai Iblis ya yi tari.
Tarin nan dai, na tsohuwar ƙofa.
Na haɗiye dariyata.
Shi ne sirrin farko da na ɓoye.

Sauran ya zo da rana tsaka, kunya bayan kunya:
ɗigon man kanumfari a tafin hannu,
yatsa a ƙarƙashin ƙwala, ko akwai miki,
doki ya ci kafin ka ci,
in ranka a ɓace, kada ka taɓa linzami.
Shekarar da Dalgarno ya rage lada,
gonaki bakwai, ba dokin da ya ɗaga ƙafa;
a kasuwa aka ce tsafi ne.
Da Lachie ya karye a cinya,
matarsa ta riƙa tsintar buhun gari a bakin ƙofa;
wannan kuwa ba wanda ya ce komai.

Sai tarakta ta zo, ja, tana wari.
Ranar da motar mahauta ta kwashe Jess da Baron,
na duba hagu, na duba dama,
na sunkuya na raɗa wa injin Kalmar.
Bai ko kaɗa kunne ba.

Ishbel ta aure ni. Ta ce ba Kalmar ba ce,
tausayin kunnuwana ta ji.
Shekara hamsin da ɗaya tana tambaya,
wani lokaci da fushi, wani lokaci cikin bargo.
A asibitin Peterhead, daren ƙarshe,
na kai baki kunnenta.
Ta ɗora yatsa a leɓena: "Bar ta.
In ƙarama ce, ba na son sani."

Jiya jikata ta zo da rikoda,
wai ni kaɗai na rage.
Na ba ta shayi, na nuna mata yatsun.